Magani da Tsari: Tarihin Koyon Gudanar da Asibiti a Kwarin Rima

Gabatarwa

Idan ana ba da tarihin kiwon lafiya a ƙasar Kabi, abin da aka fi ambato shi ne gine-gine da sunayen manyan da suka buɗe su. Za a ce ga Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, wanda ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya da ya yi mulki daga 1938 zuwa 1954. Za a ce ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, wadda daga baya aka ɗaga darajarta ta zama asibitin koyarwa, ga kuma babban asibitin Argungu. Da wuya a ji an ambaci mutumin da ke riƙe da makullin sito, ko mai tsara jadawalin aikin dare, ko wadda ke ƙirga kwalaben allurar rigakafi kafin wata ya ƙare. Alhali kuwa a hannun waɗannan ne ginin yake zama asibiti ko ya zama kango mai fenti.

Wannan muƙala tana bin sawun wannan ɓangare da aka bari a baya, wato gudanarwa, da yadda masu yin ta suka koye ta a kwarin Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi. Abin da nake son nunawa guda ɗaya ne. Tun daga zamanin Turawa zuwa yau, magani ya sha zuwa kwarin nan daga nesa, amma abin da ke yanke hukuncin ko zai zauna ko zai wuce shi ne tsarin da ya tarar. Masu riƙe da tsarin kuwa yawancinsu a bakin aiki suka koya, cikin tuntuɓe da gyara. Don haka batun karatun digiri na biyu a fannin gudanar da harkokin lafiya, wanda ma'aikaci zai yi yana kan aikinsa, tsohuwar buƙata ce da ta daɗe tana jiran amsa.

Tsari ya riga asibiti zuwa

Mutanen kwarin nan ba baƙin tsari ba ne. Daular da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, mai hedikwata a Surame, ba ta gina ganuwar duwatsun da har yau ake zuwa kallon kufanta ba sai da aka raba aiki, aka san wa zai kawo dutse, wa zai ciyar da magina. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Matan Fada a Argungu. Baƙon da ya zo bikin kamun kifi, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, abin da yake gani shi ne dubban masunta sun afka ruwa da homa da gora. Abin da ba ya gani shi ne watannin da aka hana kowa jefa koma a wurin, da ikon Sarkin Ruwa wanda ba a shiga sai da izininsa. Babban kifin da ake ɗagawa a gaban jama'a ladan haƙuri ne da doka.

Haka ma masu magani na gargajiya. Wanzamai suna da Sarkin Aska, ungozoma tana da unguwar da ta sani gida-gida, maɗori yana gadon sana'arsa daga mahaifinsa. Kowa ya san iyakarsa, ya kuma san wanda zai tuhume shi idan ya yi ɓarna.

Malaman jihadi kuma sun bar rubutu a kan bangarorin biyu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, ya kuma rasu a Gwandu a 1829, shi ne ya wallafa *Liya'ul Hukkami* a kan ladubban mulki da haƙƙoƙin da ke wuyan masu riƙe da muƙamai. Shi ne kuma ya wallafa *Masalihul Insani*, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan cututtukan ido da basir. Abin lura a nan shi ne, alƙalamin da ya yi maganar lafiyar jiki shi ne ya yi maganar amanar shugabanci. A wurinsu ilimin biyu 'yan ɗaki ɗaya ne. Daga baya ne aka raba musu makaranta.

Zamanin En'e

Da Turawa suka ci ƙasar Sakkwato a 1903, asibitocin farko da suka kafa a Arewa don sojojinsu ne da ma'aikatansu. Talaka ya fara sanin maganin Bature ne ta hanyar ɗakunan shan magani na En'e, waɗanda ake ginawa da kuɗin baitulmali a manyan garuruwan hakimai. Malamin da ke ciki yakan sami ɗan horo a asibitin lardi, ya koyi wanke miki, da ba da ƙwayar zazzaɓi, da rubuta sunan kowane majiyyaci a rajista. Likita Bature yakan zo rangadi jefi-jefi ya duba littafin, ya ƙirga abin da ya rage a kabad. Albashin malamin daga ma'aji yake fitowa, ladabtar da shi kuma yana hannun majalisar sarki.

Tsarin yana da aibinsa. Ɗakunan kaɗan ne, mata da yawa ba sa zuwa, duba-gari kuwa tsoronsa ake yi fiye da yadda ake sauraronsa. Amma akwai abu ɗaya da ba a yi jayayya a kansa: an san wanda za a tambaya idan magani ya ɓace.

A wannan zamani ne aka fara buɗe makarantun horar da ma'aikatan lafiya a Arewa, irin su Makarantar Tsafta ta Kano a 1932. Ta fuskar gudanarwa kuma, cibiyar horar da akawuna da aka kafa a Zariya a 1947 ita ce ta zama Cibiyar Nazarin Mulki ta Kongo a 1954, kafin ta shige cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kongo ta shahara ne da ɗauko mutanen da suka riga suka kama aiki, ma'aji da magatakarda da alƙali, ta ba su kwas na wasu watanni, su koma kujerunsu. Ke nan karatun ma'aikaci yana kan aiki ba baƙon abu ba ne a Arewa. Sai dai hanyoyin biyu sun tafi a jere ba su haɗu ba: mai koyon magani ba a koya masa kasafin kuɗi, mai koyon kasafin kuɗi bai san abin da ke faruwa da allurar da ta kwana a zafi ba.

Rayuwar Dokta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, ta nuna inda aka dosa. Ya fara da duba marasa lafiya, ya kai ga zama babban sakatare a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Hanyar da ya bi ita ce dubban ma'aikata ke bi har gobe: gwanintar hannu ta kai mutum kujerar da ke buƙatar wata gwanintar dabam.

Darasin Ambursa

Akwai wani babi na tarihin kwarin nan da masana cutar zazzaɓin cizon sauro na duniya suka sani fiye da yadda mu 'yan gida muka sani. A 1954 gwamnatin Jihar Arewa, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, ta fara gwajin yaƙi da sauro a yammacin lardin Sakkwato, a ƙauyukan da ke kewaye da Birnin Kebbi. Dabarar ita ce a bi gida-gida ana fesa magani a bangon ɗaki, domin sauron da ya sha jini ya sauka hutawa ya mutu kafin ya kai cutar ga wani. An raba yankin, aka gwada magunguna dabam-dabam, ciki har da DDT da dildirin. Leonard Bruce-Chwatt, wanda ke shugabantar sashen yaƙi da cutar a Legas, yana cikin waɗanda suka rubuta sakamakon aikin.

Ba a cika shekara biyu ba, a 1955, masu binciken suka lura cewa sauron Ambursa, garin da ke gab da Birnin Kebbi a kan hanyar Argungu, ya daina mutuwa da dildirin. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da irin wannan turjiya a jikin babban sauron da ke yaɗa cutar a Afirka. An kai irin sauron Landan aka yi nazarin yadda yake gadar wa 'ya'yansa wannan hali, sunan Ambursa ya shiga mujallun kimiyya. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na kawar da cutar daga doron ƙasa, shirin da ta janye daga gare shi a 1969. Gwajin Birnin Kebbi ya rage cutar, amma bai katse yaɗuwarta ba. Gwajin Garki da aka yi daga 1969 zuwa 1976 a tsohuwar Jihar Kano ya ƙare da makamancin wannan sakamako.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai labarin halittar sauro ne, me ya haɗa shi da gudanarwa? Abu biyu ne. Na farko, ba a gano turjiyar ba sai don akwai masu kama sauro suna ƙirgawa, da masu rubuta ranar da aka fesa kowane ɗaki, da mai karanta rahoton ya ce a tsaya a duba. Da babu littafin, da an ci gaba da fesa ruwan banza ana karɓar albashi. Na biyu, duk wanda ya tashi a kwarin nan ya san abubuwan da famfon feshi ba ya iya magancewa. Da bazara a waje ake kwana. Manoma suna tarewa a bukkokin fadama lokacin aikin shinkafa, makiyaya suna tashi, matan gida suna sake yaɓe ɗaki. Sanin waɗannan da tsara aiki a kansu shi ne gudanarwa, kuma ba a kawo shi cikin akwati daga Janiba.

Ni da aka haifa a masarautar Argungu, na bi ta Ambursa sau ba adadi, amma sai a ɗakin karatu na jami'a na ci karo da wannan labari, cikin mujallun da aka buga a Turai. Sakamakon binciken ya tafi inda ake ajiye shi. Sauron kuwa yana nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 52 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, na 2021 kuma ya nuna kashi 49. Duka biyun Kebbi ce kan gaba a Nijeriya.

Daga Alma-Ata zuwa Birnin Kebbi

Bayan mulkin kai, ikon kula da lafiya ya yi ta sauya hannu. A 1967 kwarin nan ya shiga Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ya shiga Jihar Sakkwato. A wannan shekara ta 1976 ce aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta kau, ɗakunan shan magani suka koma hannun sababbin hukumomi. Sannu a hankali aka zauna a kan rabon da muke da shi yau: Tarayya ta riƙe manyan asibitocin koyarwa, jiha ta riƙe manyan asibitoci na garuruwa, ƙaramar hukuma ta riƙe na matakin farko. Matakin da ya fi kusa da talaka shi ne aka bar wa hukumar da ta fi ƙarancin kuɗi da ƙwararru.

Taron Alma-Ata na 1978 ya ɗora duniya a kan manufar kiwon lafiya matakin farko. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya ɗauki abin da gaske. A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 don su zama abin koyi, a 1988 aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa, a 1992 aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya Matakin Farko.

A tsakiyar wannan yunƙuri ne ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako a 1987, wanda ya kawo asusun magani mai juyawa. Dabarar mai sauƙin faɗi ce: a ba asibiti jarin magani, ya sayar da ɗan ƙari kaɗan, ya sake sayo wani da kuɗin. Amma a duba abin da take buƙata. Sai an san farashin saye da na sayarwa, an san maganin da ke ƙarewa da damina da wanda ke kwana a kanta har ya lalace, an san yadda za a yi da matar da ta zo da yaro yana suma ba ta da ko kwabo, an kuma san yadda za a ce a'a idan wani babba ya aiko a ba shi rance daga asusun. Ga darajar naira tana faɗuwa tun daga 1986, kuɗin da ya sayi kwali goma bara ba ya sayen bakwai bana. Wannan duk aikin ɗan kasuwa ne da akanta, aka ɗora shi a kan mutanen da aka horar don su yi allura. Inda asusun ya rayu, za a tarar da wani mai tsantseni ya riƙe littafi. Inda ya mutu, jama'a suka koma kemis.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Birnin Kebbi ta wayi gari tana buƙatar ma'aikatar lafiya sukutum, da daraktoci, da masu tsare-tsare, da masu kula da asibitocin masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Aka ɗebo su daga cikin ma'aikatan da aka rabo daga Sakkwato. Jihar ba ta cika shekara biyar ba annobar sanƙarau ta 1996 ta auka wa Arewa, ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Annoba jarrabawa ce ta gudanarwa: kwana nawa labari ke ɗauka daga ƙauye zuwa hedikwata, akwai man mota ko babu, wa ke da ikon buɗe sito da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa ke riƙe da makulli?

Goggona ungozoma ce ta asibiti. Ta yi shekaru tana karɓar haihuwa kafin a ba ta shugabancin wata cibiyar lafiya a wani ƙauye na ƙasar Argungu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma wani kaso na kuɗin yana sauka kai tsaye a asusun bankin cibiyoyin da aka zaɓa. Wannan ci gaba ne babba. Amma yana nufin Goggo za ta rubuta tsarin kashe kuɗi na wata uku-uku, ta sa hannu tare da shugaban kwamitin raya mazaɓa, ta adana rasit, ta cike rahoton wata, ta raba aikin dare tsakanin ma'aikatan da ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, sannan idan naƙuda ta zo ta ajiye biro ta sa safar hannu.

Wata rana na tarar da ita ta baza takardu a kan tabarma, na ce, "Goggo, yau kuma lissafi ake yi?" Ta ce, "Ɗana, karɓar haihuwa aka koya mini, ba karɓar kuɗi ba. Amma in na ɓata lissafin nan, wata mai zuwa babu maganin tsayar da jini."

Maganarta ta tattara matsalar. Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, manufar ƙasa kuma ita ce kowace mazaɓa ta sami cibiya aƙalla ɗaya mai aiki. Kowace cibiya tana buƙatar shugaba, kuma kusan duk shugabannin ma'aikatan jinya ne ko jami'an lafiyar al'umma, irin waɗanda kwalejin jinya ta Birnin Kebbi da ta fasahar lafiya ta Jega ke yayewa.

A can sama kuma gardama ce ta daɗe. Dokar asibitocin koyarwa ta 1985 ta ba likita kujerar babban darakta, sauran ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya kuma suna ganin an tauye su, har batun yakan shiga cikin dalilan yajin aiki. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Abin da na lura shi ne, ana ta muhawara a kan wanda ya cancanci zama a kujerar, ba a cika tambayar abin da ya kamata ya koya kafin ya zauna ba.

Abin da shan inna ya koyar

Akwai lokacin da tsari ya yi nasara, kuma kwarin nan yana da hannu a ciki. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa saboda zargin da ya bazu a kan maganin, cutar ta sake yaɗuwa har ƙasashen waje. Maganin da aka dawo da shi a 2004 ba wani sabon abu ba ne. Abin da ya sauya shi ne yadda ake kai shi. A 2009, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya matakin farko, wanda daga baya Sarkin Kabin Argungu Alhaji Sama'ila Muhammad Mera ya zama shugabansa. Aka koma ga tsohon tsani: sarki ya yi wa hakimi magana, hakimi ya yi wa dagaci, dagaci ya yi wa mai unguwa, shi kuwa mai unguwa ya san gidan da aka yi suna makon jiya. Aka haɗa wannan da taswirar ƙauyuka, da taron bita kowace yamma, da tuhumar wanda ya ce ya je inda bai je ba. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Wannan nasara ilimi ce da aka samu da gumi. Tana cikin kawunan jami'an rigakafi na ƙananan hukumomi da masu unguwanni. Idan ba a mayar da ita darasin aji ba, za ta yi ritaya tare da su, kamar yadda ilimin 'yan feshin 1954 ya bi su.

Karatun da ma'aikaci zai iya yi

Gudanar da asibiti a matsayin fannin digiri na biyu ya fara ne a Jami'ar Shikago ta Amurka a 1934. A Nijeriya akwai sashen da ke koyar da shi a reshen Enugu na Jami'ar Nijeriya, Jami'ar Bayero ta Kano tana ba da digiri na biyu a tattalin arzikin lafiya, jami'o'in Zariya da Sakkwato suna koyar da lafiyar al'umma. Jami'ar Karatu daga Gida ta Ƙasa, wadda aka fara a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, an gina ta ne musamman don mai aiki.

Misalin da ya fi jan hankalina shi ne shirin horar da masu bin sawun annoba da aka fara a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello da ta Ibadan. Ɗalibansa ma'aikata ne, mafi yawan shekara biyunsu a fagen aiki suke yin ta, zaman aji kaɗan ne. Suna cikin waɗanda suka binciki gubar dalma a Zamfara a 2010, suka kuma bi sawun masu cutar Ebola a Legas a 2014. Ya tabbatar da cewa ana iya ba da digiri mai nauyi ba tare da an raba mutum da wurin aikinsa ba.

Ma'aikacin Kebbi yana fuskantar shinge uku. Na farko nisa: daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato kusan kilomita 150 ne, balle Zariya ko Enugu. Na biyu hutun karatu, domin cibiyar da ke da ungozoma ɗaya idan ta tafi shekara biyu an rufe ɗakin haihuwa ke nan. Na uku ya fi shafar mata, waɗanda su ne ƙashin bayan aikin jinya, ga aure ga reno. Saboda haka karatun da zai yi amfani shi ne wanda zai zo ya same su. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, da ta jiha da ke Aliero tun 2006, da asibitin koyarwa, sun isa su ɗauki wannan nauyi.

Tarihin da na bibiya yana nuna siffar da ya kamata karatun ya ɗauka. A riƙa zama a ƙarshen mako ko mako guda a kowane wata, sauran a yi ta waya da intanet. A zaunar da likita da ma'aikaciyar jinya da mai haɗa magunguna da akanta da mai adana bayanai a aji ɗaya, domin hanyar Kano da ta Kongo su haɗu a ƙarshe. Kundin kammalawa ya zama gyaran wata matsala ta inda ɗalibi ke aiki, kamar dalilin yankewar magani a watan Agusta, ko awa nawa mai naƙuda ke ɗauka daga ƙauyen fadama zuwa Argungu idan ruwa ya cinye hanya, kamar yadda ya faru a ambaliyar 2020. A koyar da Ambursa da Bamako da shan inna a matsayin darussa. A kuma koyar da yadda ake bayyana kasafin kuɗi da Hausa a gaban kwamitin mazaɓa, tunda su ne masu asibitin.

Akwai masu cewa wannan duk ado ne, abin da ake buƙata kuɗi ne da ma'aikata. Suna da gaskiya mai yawa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, Gwamnatin Tarayya kuma ba ta cika shi ba. Babu digirin da zai haifar da likita inda babu shi. Sai dai inda abu ya yi kaɗan, nan ne ɓarnarsa ta fi ciwo. Akwai kuma fargabar cewa takardar za ta zama tsanin ƙarin girma kawai, ko tikitin tafiya Abuja da ƙungiyoyin agaji. Maganin wannan yana hannun gwamnati: ta ɗauki nauyin karatun bisa sharaɗin shekarun aiki, ta kuma ba mutum girmansa a inda yake, kada sai ya bar ƙauye ya koma ofis kafin a san da shi.

Kammalawa

A watan Disamba 2024 aka fara ba da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, mai suna R21, a jihohi biyu na Nijeriya, Kebbi da Bayelsa. Shekara 70 bayan 'yan feshi sun shiga ƙauyukan Birnin Kebbi, an sake zaɓar kwarin nan don fara sabon makami a kan tsohon abokin gaba. Allurar sau huɗu ake yin ta: yaro yana wata biyar, da shida, da bakwai, sannan ta ƙarshe yana wata goma sha biyar.

Ta farko ba ta da wuya, domin ranar akwai manyan baƙi da 'yan jarida. Ta huɗu ce abin dubawa. Tana zuwa bayan wata takwas, wataƙila iyali sun tare a fadama, wataƙila katin ya jiƙe, wataƙila batirin firjin sola ya mutu an rubuta takarda ba a sami amsa ba. Kafin yaron ya same ta, sai wani ya riƙe rajista, ya lura ba a kawo shi ba, ya aika wa mai unguwa, ya tabbatar akwai allurar kuma da sanyinta. Masana kimiyya sun sauke nasu nauyin. Abin da ya rage yana hannun mutane irin Goggona, a mazaɓu 225, kuma haƙƙinsu ne a koya musu aikin da aka riga aka ɗora musu.